Murya Kaɗai Ba Ta Isa Shaida Ba: Ina Binciken Masana Ya Kwana Kan Muryar Bogi?

A watan Mayun 2017 wani ɗan jaridar BBC, Dan Simmons, ya yi wa bankin HSBC na Birtaniya gwaji. Bankin yana da tsarin da ke gane mai asusu ta muryarsa idan ya bugo waya, ba sai ya faɗi lambar sirri ba. Simmons ya yi rajistar tasa muryar, sannan ya sa ɗan'uwansa Joe, wanda tagwaye ne su, ya kira yana kwaikwayonsa. Sau bakwai na'ura tana mayar da shi, a na takwas ta buɗe masa. Abin ya ja hankali, amma da yawa sun kwantar da hankalinsu da cewa ai ba kowa aka haifa da abokin tagwaitaka ba.

A Fabrairun 2023 wani ɗan jaridar, Joseph Cox, ya maimaita gwajin a kan asusunsa na bankin Lloyds. Shi bai nemi ɗan'uwa ba. Ya naɗi maganarsa ta 'yan mintuna, ya ɗora a manhajar kamfanin ElevenLabs, ta ƙera masa murya irin tasa, ya kunna wa bankin ta waya, ya shige asusun. Shekara guda bayan haka, a Maris 2024, kamfanin OpenAI ya sanar cewa daƙiƙa 15 na maganar mutum ta ishe shi ya kwaikwayi muryarsa, kuma da bakinsa ya shawarci bankuna su fara janye tantancewa ta murya. Bankuna da dama ba su janye ba. Kamfanonin da ke sayar musu da tsarin suna cewa sun ƙara masa na'urar kama muryar bogi wadda ba ta cika yin kuskure ba.

Mai bin labarin sai ya rasa na ɗauka. Masu bincike a jami'o'i sun daɗe suna auna waɗannan iƙirari, kuma abin da suka gano bai yi wa kowane ɓangare daɗi gaba ɗaya ba.

## Fanni uku da ake cakuɗawa

Na farko shi ne tantance mai magana. Mutum ya ce shi ne Malam Wane, na'ura ta gwada muryarsa da wadda aka adana da sunan Malam Wane, ta ce e ko a'a. Wannan daban yake da gano mai magana, inda ake ba na'ura murya babu suna, a ce ta lalubo mai ita cikin dubban muryoyi. Banki na farkon yake buƙata, jami'an tsaro kuma na biyun. Dukansu sun sha bamban da mayar da magana rubutu, wanda abin da aka faɗa ne ya dame shi, ba ruwansa da wanda ya faɗa.

Na biyu shi ne kama muryar bogi. A nan tambayar ita ce ko sautin daga maƙogwaron ɗan'adam yake fitowa a wannan lokacin, ko kuwa na'ura ce ta ƙera shi, ko tsohon naɗi aka sake kunnawa.

Na uku shi ne sirrin murya, wato yadda za a amfana da maganar mutum a asibiti, ko wajen bincike, ko cikin manhajar waya, ba tare da wani ya iya gane mai ita ba.

A ido kamar kowanne da inda ya dosa, amma igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Akwai wani jerin lambobi da kwamfuta ke tatsowa daga muryar mutum. Da shi ake gane mutum, da irinsa ake kwaikwayonsa, shi ne kuma ake ƙoƙarin cirewa idan ana son ɓoye shi. Shi ya sa sunayen masana iri ɗaya ke yawan fitowa a duk fannonin uku.

## Yadda na'ura ke gane mai magana

A 1962 wani injiniya na ɗakin binciken Bell a Amurka, Lawrence Kersta, ya yi iƙirarin cewa hoton sautin murya tamkar zanen yatsa yake, kowa da nasa. Wasu kotunan Amurka sun karɓi irin wannan shaida. A 1979 wani kwamiti na Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ya duba lamarin ya ga babu isasshiyar hujjar da za ta nuna yawan kuskuren hanyar a yanayi na zahiri. Dalilin a fili yake. Zanen yatsa yana nan yadda yake daga ƙuruciya har tsufa. Murya kuwa mura tana sauya ta, haka fushi da gajiya da shekaru, har da irin wayar da aka yi maganar da ita. Duk da haka kwatancen zanen yatsa ya maƙale a tallace-tallace har yau.

Bincike mai tsari ya kankama ne a 1996, lokacin da hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta fara shirya gwaji inda ɗakunan bincike ke auna na'urorinsu a kan muryoyi iri ɗaya. Daga nan hanyoyin suka yi ta sauyawa. Ta Douglas Reynolds na jami'ar MIT a Amurka ta yi tashe a wajajen 2000, ta Najim Dehak da ake kira i-vector ta karɓe ta bayan kimanin shekara goma, sannan a 2018 David Snyder da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins suka fito da x-vector, wadda ke amfani da ƙirƙirarriyar basira ta dunƙule muryar mutum cikin lambobi 512.

Aikin na'urar shi ne ta ɗauki lambobin muryar da aka adana da na muryar mai kira, ta auna kusancinsu, ta ba da maki. Mai tsarin ne zai ja layi ya ce daga nan zuwa sama a buɗe. In ya ɗaga layin, ɓarawo zai sha wuya, amma mai asusun ma za a riƙa korarsa duk ranar da ya tashi da mura. In ya sauke, mai asusu ya huta, ɓarawo ma ya huta. Masana sukan ba da rahoton wurin da kuskuren biyu suka yi daidai da juna, kuma wannan adadi ne ake ji idan an ce na'ura tana kuskuren kashi kaza.

A 2017 masu bincike a Jami'ar Oxford suka tattara muryoyin mashahuran mutane 1,251 daga YouTube suka kira rumbun VoxCeleb, wanda ya zama ma'aunin da kowa ke gwada kansa da shi. Na'urori mafi ƙarfi yanzu kuskurensu a kansa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Sai dai a kula da abu biyu. Wannan adadi na maƙaryaci ne da ya zo da muryarsa ta Allah, bai yi wata dabara ba. Sannan a 2022 Wiebke Hutiri da Aaron Ding na Jami'ar Fasaha ta Delft a Holan sun nuna cewa kuskuren bai rabu daidai ba: ya fi yawa a kan mata da kuma a kan waɗanda ba Amurkawa ba, saboda muryoyin maza masu Turancin Amurka sun rinjayi rumbun.

## Ƙofofin da ake bi a yaudari na'ura

Masana sun kasa su gida huɗu. Kwaikwayo da baki, irin na ɗan'uwan Simmons, shi ne mafi tsufa, kuma na'urorin zamani ba su cika faɗa masa ba. Sake kunna naɗaɗɗiyar muryar mutum ya fi haɗari, don ba ya buƙatar ilimi, waya biyu kawai. Sai ƙera magana daga rubutu, inda ake rubuta jimla manhaja ta furta ta da muryar wanda ake so. Na ƙarshe shi ne sauya murya: ɗan damfara ya yi magana da bakinsa, manhaja ta tuɓe muryarsa ta sanya wa maganar ta wani, wani lokaci ana cikin wayar.

Da, ƙera muryar mutum sai an zaunar da shi awanni a ɗakin naɗi. Abin da ya karya wannan shinge daga fannin tantancewa ya fito. A 2018 masu bincike na Google suka ɗauko na'urar da aka horar don gane mai magana suka haɗa ta da na'urar ƙera magana. Ta farko ta saurari gajeren naɗi ta fitar da lambobin mutumin, ta biyu ta yi magana da muryar da ta dace da lambobin. Wato maƙerin da ya ƙera kwaɗon, kayan aikinsa ne aka ara aka yanka mabuɗin. A Janairun 2023 kamfanin Microsoft ya gabatar da VALL-E, wadda daƙiƙa 3 na magana ke isar ta.

Damfarar ma ba ta jira fasahar ta gama nuna ba. A 2019 jaridar Wall Street Journal ta ruwaito yadda shugaban wani kamfanin makamashi a Birtaniya ya tura Yuro 220,000 bayan ya ji abin da ya ɗauka muryar ubangidansa ce daga Jamus.

## Gasar ASVspoof da darussan da ta bayar

Kafin 2015 kowane ɗakin bincike yana ƙera muryoyin boginsa, ya kama su da na'urarsa, ya ce ya yi nasara. Don a daina wannan wasan yabon kai ne masana irin su Tomi Kinnunen na Jami'ar Gabashin Finland, Nicholas Evans na cibiyar EURECOM a Faransa da Junichi Yamagishi na cibiyar NII a Japan suka kafa gasar ASVspoof. Tsarinta mai sauƙi ne. Ana ba masu shiga muryoyin gaske da na bogi su horar da na'urorinsu, sannan a gwada su da wasu muryoyin da ke ɗauke da dabarun da ba su taɓa gani ba.

Zagayen 2015 ya ɗauki ƙera magana da sauya murya. Na 2017 ya koma kan sake kunna naɗi. Na 2019 ya haɗa duka, na 2021 ya bi da muryoyin ta layukan waya ya kuma matse su yadda intanet ke matse sauti, na biyar a 2024 ya yi amfani da muryoyin dubban mutane da suka naɗi kansu a gida, ya ƙara da bogin da aka gyara musamman don ya kauce wa mai kamu.

Tun zagayen farko darasi ɗaya ke maimaita kansa. A 2015 dabaru goma aka gwada, biyar sanannu, biyar ɓoyayyu. Na'urorin sun kama sanannun kusan gaba ɗaya, amma ɗaya daga cikin ɓoyayyun, wadda ke yanko gutsattsarin muryar gaske tana jona su, ta wahalar da mafi yawansu. Na'ura tana ƙwarewa wajen kama ɓarawon da aka taɓa nuna mata, baƙon ɓarawo kuma ya wuce ta gabanta.

Akwai abin da ya fi wannan ɗaure kai. A 2021 Nicolas Müller da abokansa na cibiyar Fraunhofer a Jamus suka lura cewa a rumbun 2019 muryoyin gaske sun fi na bogi tsawon shiru a farkon naɗi. Suka horar da na'ura da tsawon shirun kawai, ba ta ji ko kalma ɗaya ba, ta kuma ci kusan kashi 85 cikin 100. Ke nan wani kaso na nasarar da ake murna da ita haddar siffar jarrabawar ce, kamar ɗalibin da ya gano cewa amsa mafi tsawo ita malaminsu ke sa wa daidai. Shekara guda bayan haka suka tattaro muryoyin bogi na 'yan siyasa da mashahurai da ke yawo a intanet suka gwada fitattun na'urori a kansu. Kuskuren ya ninka sau da yawa.

Dalilin yana cikin abin da na'urar ke nema. Kowace manhajar ƙera murya tana barin wasu ƙananan tabo a cikin sauti waɗanda kunne ba ya ji. Layin waya na gargajiya yana yanke siririn sautin da girgizarsa ta haura kimanin sau 3,400 a daƙiƙa, WhatsApp kuma yana matse saƙon murya don ya yi sauƙin turawa. Idan aka tura naɗi daga waya zuwa waya, aka ɗora shi a Facebook, wani ya sake naɗarsa da tasa wayar, tabon na iya gogewa, ko kuma muryar gaske ta kwashi tabon da zai sa a zarge ta.

Akwai kuma lissafin da tallace-tallace ba sa yi. A ɗauka, don misali kawai, banki yana karɓar kira miliyan ɗaya, dubu ɗaya daga ciki na bogi ne, na'urarsa kuma tana kuskuren kashi 1 ta kowane ɓangare. Za ta kama 990 daga na bogin. Amma za ta kuma tuhumi mutanen kirki 9,990. A cikin duk goma sha ɗaya da ta yi wa ƙararrawa, ɗaya ne kawai ɓarawo.

Kunnen ɗan'adam fa? A 2023 masu bincike a University College London suka gwada mutum 529 da Turanci da Sinanci. Sun gane muryar bogi a kashi 73 cikin 100 na gwajin, alhali an gaya musu tun farko cewa akwai bogi a ciki, kuma horon da aka yi musu bai ƙara wani abin kirki ba. Wanda aka tasa daga barci da kiran gaggawa ba shi da wannan gargaɗin.

## Ɓoye mai magana a bar magana

Murya tana faɗin abin da mai ita bai yi niyyar faɗa ba: jinsi, shekaru, yanki, halin rai, wani lokaci har da alamun cuta. A 2018 kamfanin Amazon ya yi rajistar wata fasaha da za ta ji tari ko alamar mura a muryar mai magana da na'urar Alexa ta tallata masa abin da ya dace da halinsa. Kuma lambar sirri in ta fita a canza ta, murya kuwa ita ce dai har kabari.

A 2020 aka fara gasar VoicePrivacy, wadda Natalia Tomashenko da Emmanuel Vincent na cibiyar Inria a Faransa suke cikin jagororinta, tare da wasu daga masu shirya ASVspoof. An sake yin ta a 2022 da 2024. Hanyar da aka fi bi ita ce a rarraba magana kashi-kashi, kalmomin daban, hawa da saukar sauti daban, lambobin mai magana daban. Sai a cire lambobinsa a sa na wani mutum da babu shi a duniya, wanda aka haɗa daga cakuɗa muryoyi da dama, a sake ƙera maganar. In an lura, wannan sauya murya ne sak irin na ɗan damfara, niyya ce kawai ta bambanta.

Ana auna nasara ta fuska biyu. Na'urar tantancewa ta rikice har kuskurenta ya doshi kashi 50, wato canki-canka take yi, kalmomin kuma su fito yadda za a fahimce su. A 2024 an ƙara sharaɗin kada halin rai na mai maganar ya ɓace, don likita ko mai bincike yana buƙatar sa.

Abin da binciken ya nuna shi ne ƙarfin mayafin ya danganta da wanda ke leƙe. Idan mai neman gano mutum bai san an sauya muryar ba, mayafin yana riƙewa. Idan ya san manhajar da aka yi amfani da ita, ya sauya dubban muryoyi da ita ya horar da tasa na'urar a kansu, kariyar tana raguwa sosai. Abin da ke tona asiri shi ne abin da ba a cire ba, kamar saurin magana, inda mutum ke tsayawa ya ja numfashi, da kalmomin da ya saba. A sauya wa Basakkwace murya yadda aka ga dama, in ya ce "ɗiyata" ko "hwaɗi", an san daga ina ya fito. Wannan ya shafi gidajen rediyo da talabijin da ke ɗan murɗe muryar mai ba da shaida su ɗauka sun ɓoye shi. Ɗaga sauti ko sauke shi kaɗai abu ne da ake iya mayarwa.

## Inda kowane ɓangare ya tsaya

Bankuna da masu sayar musu da tsarin suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Abin da murya ta maye gurbinsa, wato tambayar ranar haihuwa ko sunan mahaifiya, ya fi ta rauni, don ana sayen irin waɗannan bayanai a kasuwar sata. Suna kuma cewa ba murya kaɗai suke dubawa ba, suna haɗa ta da lambar wayar mai kira da yanayin mu'amalarsa. Matsalar ita ce alƙaluman da suke bayarwa nasu ne, a kan rumbunan da ba kowa ke iya dubawa ba.

Masana jami'a mafi yawansu ba sa cewa a jefar da fasahar. Matsayinsu shi ne a auna tantancewa da kamun bogi a haɗe, tunda tsaurara ɗaya yana shafar ɗayan, kuma kada murya ta zama ƙofa ita kaɗai. Kamfanonin ƙera murya irin su Google da Meta sun fi karkata ga saka hatimin da ba a ji a cikin duk sautin da manhajarsu ta fitar. Wannan yana aiki a kan mai bin doka. Ɗan damfara zai sauko da manhajar kyauta wadda ba ta da hatimi.

Masu kare haƙƙin jama'a tambayarsu ita ce wa ya ba da izini tun farko. A 2019 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta umarci hukumar harajin ƙasar ta goge muryoyin mutum kimanin miliyan 5 da ta naɗa ba tare da cikakkiyar yardarsu ba. Shi kansa rumbun VoxCeleb daga bidiyon da ke intanet aka kwaso shi, ba sai da aka bi kowa aka tambaye shi ba.

Doka tana biye a baya. Bayan an kira masu zaɓe a jihar New Hampshire da muryar bogi ta Joe Biden a Janairun 2024 ana ce musu kada su fita zaɓen fidda gwani, hukumar sadarwa ta Amurka ta sa irin waɗannan muryoyi cikin dokar da ta taƙaita kiran na'ura, ta kuma ci tarar wanda ya shirya abin Dala miliyan 6. Dokar ƙirƙirarriyar basira ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a Agustan 2024, ta tanadi a riƙa bayyana cewa sauti ƙerarre ne. A Najeriya, dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan halittar jiki da ake gane mutum da su, har da na murya, cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman.

## Mai jin Hausa da saƙon murya

Tsarin BVN da aka fara a 2014 da lambar NIN sun dogara ne ga zanen yatsa da hoton fuska, don haka ƙofar banki ba ita ce babbar barazana ga mai jin Hausa ba. Barazanar tana inda murya ta riga ta zama takardar shaida tsakanin mutane. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari ko Dawanau yakan tura wa yaronsa saƙon murya ya ce a ba wane kaya ko a tura kuɗi asusu kaza, yaron kuma ba ya neman wata hujja bayan ya ji muryar maigida. Wanda bai iya karatun boko ba, saƙon murya ne wasiƙarsa. Iyalin da aka sace musu mutum, jin muryarsa a waya ne ke tabbatar musu yana raye. A Amurka wata uwa daga jihar Arizona ta shaida wa majalisar dattawa a 2023 yadda aka kira ta da kukan da ta rantse na 'yarta ne ana neman kuɗin fansa, alhali yarinyar tana nan lafiya. Malamai masu wa'azi da 'yan siyasa da mawaƙa kuwa, awannin muryarsu da ke intanet sun ninka abin da manhaja ke buƙata sau dubbai.

Wasu na ganin Hausa tana da garkuwa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka manhajar da ke karanta rubutu takan kasa bambanta kukan jariri da bishiyar kuka, kunnen Bahaushe kuma ya kama ta nan take. Garkuwar tana da ɓaraka biyu. A 2023 kamfanin Meta ya saki manhajar ƙera magana a harsuna sama da 1,100, da Hausa a ciki, rumbunan muryoyin Hausa kuma suna ƙaruwa. Sannan sauya murya ba ya bi ta rubutu sam. Idan ɗan damfarar Bahaushe ne, karin sautin nasa ne kuma daidai yake, launin muryar kawai aka aro.

A ɗaya gefen, rumbunan ASVspoof na Turanci ne, takwararta ADD da ake yi a Sin ta Sinanci ce. Sakamakon da shafin intanet zai bayar idan aka ɗora masa saƙon Hausa da ya ratsa waya biyar bai kai a kafa hujja da shi ba, ko ya ce bogi ne ko ya ce sahihi ne.

Wannan giɓi yana amfanar ɓangare biyu. Mai ƙera ƙarya yana samun kasuwa, kamar yadda BBC ta bankaɗo a 2023 cewa ana yaɗa naɗe-naɗen bogi da muryar Omar al-Bashir a TikTok ana tsakiyar yaƙin Sudan. Wanda aka kama da gaskiya kuma ya samu mafita, ya ce ai na'ura ce. Malaman shari'a biyu na Amurka, Bobby Chesney da Danielle Citron, sun kira wannan ribar maƙaryaci. A Afrilun 2023, da aka fitar da naɗin wata hira ta waya da aka ce tsakanin Peter Obi da Bishop David Oyedepo ce, Obi ya ce na bogi ne, wasu suka dage sahihi ne, mafi yawan masu sauraro kuma suka yanke hukunci gwargwadon ɓangaren da suke tun da farko.

A kotu lamarin ya fi nauyi. Sashe na 84 na dokar shaida ta Najeriya ta 2011 yana neman a nuna cewa na'urar da ta fitar da naɗin tana aiki daidai, amma wannan bai amsa tambayar ko muryar wane ce a ciki ba. Masanan da ke binciken murya don shari'a sun daina cewa "wannan muryar wane ce" kai tsaye, don kama da wane ba ta wane. Abin da suke bayarwa shi ne gwargwadon yadda kamannin ya fi dacewa da cewa mutum ɗaya ne a kan cewa wani ne mai irin muryarsa. Kafin a fitar da wannan adadi ga wanda ake tuhuma daga Gusau, sai an samu tarin muryoyin mazan da ke magana da karin Hausar yankin, an naɗe su ta irin layin da aka naɗi shaidar, an ga sau nawa muryoyinsu ke kama da juna ba tare da sun zama mutum ɗaya ba.